Garin Kifi ko Waken Soya: Me Ya Kamata a Zuba wa Jatan Lande?

Jatan lande ba ya cin abinci irin cin tarwada. Ita tarwada kafin ƙwayar abinci ta gama taɓa ruwa ta wawushe ta. Shi kuwa yana can ƙasan tafki, cikin ruwan da ya yi kore shar, inda ido ba ya wani aiki. Da ƙanshi yake neman abin kaiwa baka: ƙananan gashin da ke jikin zare-zaren kansa da ƙafafunsa da gefen bakinsa su ke ɗanɗana masa ruwa. In ya laluba ya dace da ƙwaya ɗaya, sai ya rungume ta da 'yan ƙafafun gaba, ya riƙa juya ta yana gutsura kaɗan-kaɗan, burbushi na zuba. In ba ta yi masa ba, ya yar ya ƙara gaba.

Duk wahalar masu haɗa masa abinci daga wannan ɗabi'a ta faro. Dole ƙwayar ta nutse, ta jure ruwa na sa'a ɗaya ko biyu ba ta watse ba, ta yi ƙanshin da zai jawo shi, sannan abin da ke cikinta ya isa gina jiki. Shi ya sa ake niƙa kayan haɗin lilis fiye da na kaji, a sa fulawar alkama, a turara da tururi don ƙwayar ta kama jikinta. A gonakin jihar Andhra Pradesh ta Indiya, ko na gaɓar Guayaquil a Ekwado, ma'aikaci kan ɗaure faifan raga da igiya, ya zuba masa ɗan abinci ya nutsar. Bayan kamar sa'a biyu sai ya jawo a hankali. Faifai wayam, da jatan lande biyu-uku na tsalle a kai da hanjinsu cike, alama ce a ƙara. In kuwa ya tarar da ƙwayoyin sun kumbura sun yi laushi ba a taɓa su ba, to kuɗi ne ke ruɓewa a ƙasan tafki, yana kuma ɓata ruwa. Abinci shi ke cinye rabin abin da manomi ke kashewa, wani lokaci fiye, kuma a cikin abincin babu abin da ya kai furotin tsada.

Nau'in da ya mamaye kiwo a duniya shi ne farin jatan lande na tekun Fasifik, wanda masana ke kira Penaeus vannamei. Asalinsa gaɓar teku ce daga Meziko zuwa arewacin Peru, amma yanzu ana kiwon fiye da tan miliyan 5 a shekara, mafi yawa a Sin, Ekwado, Indiya, Biyetnam, Indunusiya da Tailan. Ekwado kaɗai ta fitar da sama da tan miliyan ɗaya zuwa waje a 2022. Abincinsa kan ƙunshi furotin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, kuma a kan yadda za a cike wannan kaso ne garin kifi da tunkuzar waken soya suka daɗe suna takara.

Garin kifi shi ne tsohon hannu. Ana dafa ƙananan kifaye, a matse, a busar da tunkuzar, a niƙa. Daga ruwan da aka matse kuma a tace man kifi. Kifi tan huɗu zuwa biyar ne ke ba da tan ɗaya na gari. Mai kyau daga cikinsa furotinsa kan kai kashi 65 ko fiye, amma ba yawan ne ya ɗaukaka shi ba, tsarin ne. Akwai amino asid guda goma da jikin jatan lande ba ya iya ƙerawa, sai dai ya ci, kuma a garin kifi duk goman suna nan a ma'aunin da ya yi kusa da abin da yake buƙata. Ga fosfaras da ke narkewa a ciki ba gardama, ga sauran man kifi da ya maƙale a garin, ga kolestarol, ga ƙanshin da ke sa dabbar ta baro inda take ta nufo ƙwaya. Mai haɗa abinci a shekarun 1980 ba ya bukatar sanin dalla-dallar abin da jatan lande ke so. In ya zuba garin kifi ya kai rubu'in haɗin ko sulusi, ya ƙara garin sikwid da na kawunan jatan lande, kura-kuransa duk sun rufu.

Waken soya kuwa da aibinsa ya shigo. Bayan an tatse mai, tunkuzarsa na da furotin kashi 44 zuwa 48, wanda a cikin tsirrai da wuya a samu kamarsa, kuma cikin amino asid ɗin nan, layisin ɗinsa ba laifi. Amma metiyonin ya yi masa ƙaranci. Ɗanyensa na ɗauke da sinadaran da ke daƙile aikin tiripsin, ɗaya daga cikin abubuwan da ke narkar da furotin a ciki, don haka sai an gasa shi. In gashin ya yi kaɗan sinadaran na nan, in ya wuce kima layisin ya ƙone. Mafi yawan fosfaras ɗinsa a ɗaure yake cikin wani sinadari mai suna fayitet, wanda jatan lande ba ya iya kwancewa, sai ya fita a kashi ya zama takin gansakuka. Yana da wasu nau'o'in sukari da ba sa narkewa, ba shi da kolestarol ko kaɗan, ba shi da man EPA da DHA irin na man kifi, kuma a cikin ruwa ba shi da wani ƙanshin da zai tayar da jatan lande daga kwance.

In a nan aka tsaya, hukunci ya fito fili. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan aibobi an zauna an gano shi, an sa masa suna, an nemo masa magani, kuma a ganina wannan aiki na shekaru hamsin shi ne abin da ya fi ban sha'awa a harkar gaba ɗaya.

A farkon shekarun 1970, Akio Kanazawa da abokan aikinsa a Jami'ar Kagoshima ta Japan suka nuna cewa jatan lande ba ya iya ƙera kolestarol a jikinsa. Mu 'yan Adam hantarmu na yi mana, har likita na gargaɗin kada ya yi yawa. Shi kuwa in bai ci ba bai samu ba, alhali da shi yake haɗa sinadarin da ke sa shi yin saɓa. Girman jatan lande a saɓa yake: ɓawonsa ba ya miƙewa, sai ya tuɓe tsohon, ya sha ruwa ya kumbura, sabon ya taurare a kansa, sannan tsoka ta cike gurbin. Ƙarami kan yi haka duk bayan 'yan kwanaki. Kolestarol ɗin da yake bukata bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abincin ba, amma in babu shi girma ya tsaya, mace-mace su biyo. Daga baya aka gano cewa in aka sa lesitin a haɗin, buƙatar kolestarol na raguwa sosai, domin lesitin na taimakawa wajen ɗaukarsa daga hanji zuwa sassan jiki. Lesitin ɗin da ake amfani da shi kuwa daga man waken soya ake cire shi. Waken da ba shi da kolestarol shi ne ya kawo abin da ke sa ɗan kaɗan ya wadatar.

Metiyonin ana ƙera shi a masana'anta, kuma masu abincin kaji sun daɗe suna barbaɗa shi. A ruwa ne abin ya zo da gardama. Tunda jatan lande na jan lokaci yana gutsura, amino asid ɗin da aka barbaɗa kan narke ya bi ruwa kafin a ci ƙwayar. Sai aka koma lulluɓe shi da mai, ko a haɗa ƙwayoyinsa biyu-biyu yadda ba zai narke da wuri ba. Manyan gonaki kuma sun sauya yadda suke ciyarwa. Maimakon ma'aikaci ya shiga kwalekwale ya watsa abinci sau biyu ko uku a rana, injin ne ke feso kaɗan-kaɗan dare da rana. A Ekwado da yawa daga cikin injinan na da na'urar sauraro a cikin ruwa, irin wadda kamfanin AQ1 na Ostareliya ya ƙera, tana jin ƙas-ƙas ɗin da muƙamuƙan jatan lande ke yi in yana tauna. Sauti ya yi yawa, a ƙara. Ya lafa, a dakata. Ƙwayar da aka cinye cikin mintuna ba ta da lokacin zubar da abin da ke cikinta, kuma wannan ya fi yi wa abincin waken soya rana fiye da na garin kifi.

Sauran aibobin ma haka. Ana sa sinadarin fayites ya kwance fosfaras, ko a ƙara fosfaras na ma'adini. Ana tsima tunkuzar da ƙwayoyin bakteriya ko yis su cinye sukarin da ba ya narkewa, ko a wanke ta a fitar da gari mai furotin sama da kashi 60. Don ƙanshi kuma a sa ɗan garin sikwid, ko kiril na tekun Antatika, ko ruwan kifin da aka narkar.

Abin da ya tura masana cikin wannan wahala ba son bincike kaɗai ba ne. Garin kifi ba shi da tabbas. Babbar rijiyarsa a duniya ita ce gaɓar Peru, inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku ya ciyar da wani ɗan kifi mai suna ancobeta, wanda ya raya tashoshin jiragen ruwa irin su Chimbote. A 1970 Peru ta kama fiye da tan miliyan 12 na wannan kifi. A 1972 yanayin El Nino ya ɗumama ruwan, ya tarar da kifin da ma an yi masa kamun wuce gona da iri, sai komai ya rushe. Kamun 1973 bai kai tan miliyan 2 ba. Masu kiwon kaji da aladu a duniya suka ruga kan waken soya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, har a watan Yunin 1973 gwamnatin shugaba Nixon ta dakatar da fitar da shi daga Amurka na ɗan lokaci. Japan, wadda ta dogara da waken Amurka, ta ji tsoro, ta zuba kuɗi da masana a shirin buɗe dajin Cerrado na Brazil don noma. Yau Brazil ce kan gaba a noman waken soya a duniya, kuma rushewar ancobeta na cikin abubuwan da suka share mata hanya.

Labarin bai tsufa ba. A 2023 El Nino ya dawo, gwamnatin Peru ta soke kakar kamun ancobeta ta farko a yankin arewa da tsakiya, farashin gari da na man kifi ya haura. Ko a shekarar da teku ta yi albarka, tan ɗaya na garin kifi kan ninka na tunkuzar soya sau uku ko fiye. Kuma teku ba gona ba ce da za a ƙara mata kadada: garin kifin da duniya ke samarwa ya daɗe yana yawo a wajen tan miliyan 5 a shekara, alhali kiwon jatan lande da na kifi sai ninkuwa yake. Ga kuma rashin daidaito. Kifin da ya kwana a jirgi ba ƙanƙara kan ba da gari mai histamin. Wanda aka busar da wuta mai tsanani furotinsa ya lalace. Garin mai yawan mai kan ɗau zafi da kansa a cikin jirgin dakon kaya, shi ya sa ake sa masa maganin hana tsami kafin a loda. Tunkuzar soya daga masana'anta mai tsari kuwa, ta bana da ta baɗi kusan ɗaya suke, kuma mai haɗa abinci na son abin da zai iya lissafawa.

To, a aikace wa ya yi nasara? Gwajin da aka fi ambata shi ne na Farfesa Allen Davis da ɗalibansa na Jami'ar Auburn, a tafkunan gwaji da ke Gulf Shores a jihar Alabama ta Amurka. Tun shekarun 2000 suke rage garin kifi a abincin farin jatan lande, suna maye gurbinsa da tunkuzar soya, wani lokaci da garin ragowar kaji ko furotin na masara, har suka kai ga haɗin da babu garin kifi ko ɗigo. Girma, yawan waɗanda suka rayu, da adadin abincin da ake ci kafin a samu kilo ɗaya, duk ba su nuna wani bambancin a-zo-a-gani ba.

Amma a lura, tafkin ƙasa ne, a fili, rana na dukansa. Wannan shi ne abin da masu kambama waken soya kan tsallake. Jatan landen da ke tafkin ƙasa ba da buhu kaɗai yake rayuwa ba. Yini yake yana kiwo a cikin laka, yana tsintar tsutsotsi, ƙananan halittun ruwa, gansakuka da bakteriya, kuma a cikinsu akwai kolestarol da man DHA da bitamin da haɗin ya rasa. Tafkunan Ekwado manya ne, wasu kadada goma ko fiye, kuma ba a cunkusa su. A nan abincin da waken soya ya yi wa rinjaye na tafiya lafiya. A Biyetnam ko Tailan kuwa, inda ake shimfiɗa leda a ƙaramin tafki a zuba jatan lande ɗari ko ɗari biyu a kowace murabba'in mita, babu laka, babu tsintuwa sai kaɗan, kuma duk abin da buhu ya rasa dabbar ta rasa. Haka nan 'ya'yan da ke ɗakin ƙyanƙyasa, da iyayen da ake so su yi ƙwai, waɗanda har yanzu da ɗanyen sikwid da tsutsar teku ake ciyar da su. Baƙin jatan lande mai zane, Penaeus monodon, shi ma ya fi farin son nama, kuma bai kai shi haƙuri da tsirrai ba. Don haka duk wanda ya tambayi wanne ya fi, sai a fara tambayarsa wane tafki, wane nau'i, kuma kwana nawa da ƙyanƙyasa.

Akwai wani ma'auni da ba a aunawa a tafki, kuma shi ne ya fi damuna. A 2014 jaridar Guardian ta Ingila ta bankaɗo yadda ake bautar da mutane, akasarinsu 'yan ci-rani daga Bama da Kambodiya, a jiragen kamun kifi na Tailan, kuma tarkacen kifin da jiragen ke kwasowa shi ake niƙawa ya shiga abincin jatan lande. A 2015 Tarayyar Turai ta ba Tailan katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, ba ta janye ba sai a farkon 2019. Kusa da mu kuma, masana'antun garin kifi sun yi yawa a Nouadhibou ta Muritaniya, da Senegal, da garuruwan Gunjur, Sanyang da Kartong na Gambiya. Abin da suke niƙawa sadinela ne da bonga, kifin talaka, wanda matan Joal ta Senegal ke ƙyafewa a loda a mota zuwa Mali da Burkina Faso. Rahoton da Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan 500,000 ake kwashewa a shekara, wanda zai iya ciyar da mutum miliyan 33. Ba duka ke tafiya abincin jatan lande ba, akwai na kifin salmon da na aladu, amma kasuwar ɗaya ce, kuma duk buhun da aka saya yana ja mata farashi. A ɗauke kifi daga kwanon mai ƙaramin ƙarfi a ciyar da dabbar da za a ci a otal a Shanghai ko Madrid, wannan zalunci ne ko da lissafin furotin ya yi daidai.

Waken soya ma hannunsa ba tsarkakakke ba ne. Yarjejeniyar 2006 da 'yan kasuwa suka yi ta daina sayen waken da aka noma a sabon saran dajin Amazon ba ta shafi Cerrado ba, kuma a can sara ya ci gaba. Sai dai kaji da aladu ne ke cinye mafi yawan tunkuzar soya ta duniya, rabon jatan lande ƙanƙani ne, alhali a garin kifi kiwon ruwa ne babban mai saye. Kuma waken soya ana iya noma shi a gonar da aka daɗe da sharewa, a Iowa ko Madhya Pradesh ko Binuwai da Kaduna. Sadinelar da aka niƙa babu gonar da za a sake shuka ta.

Ni dai inda na tsaya shi ne waken soya ya ɗauki nauyin furotin, garin kifi ya koma matsayin daddawa a miya: kaɗan ake sawa, amma an san ranar da babu ita. A ajiye shi ga ƙananan da ba su yi ƙwari ba, da tafkunan da aka cunkusa, da lokacin sanyi ko cuta da jatan lande ke ƙin ci. Kuma wannan kaɗan ɗin ya fito daga kai da ƙaya da kayan cikin kifin da aka riga aka yanka don mutane, irin wanda masana'antun gwangwanin tuna na Manta a Ekwado ke fitarwa. Kusan sulusin garin kifin duniya yanzu daga irin wannan ragowa yake. Tokarsa ta fi yawa saboda ƙashi, furotinsa bai kai na ancobeta ba, amma ga aikin ƙanshi da cike giɓi ya isa. Wurin da har yanzu tsirran gona suka gaza shi ne man EPA da DHA. Man waken soya ba ya maye gurbinsu, jikin jatan lande kuma ba ya iya juya shi zuwa gare su sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ana samun su yanzu daga wata gansakukar teku da ake renonta a manyan tankuna, tana aiki, tsada ce kawai ta hana ta yaɗuwa.

Sauran matsalar tana jikin buhu. Ƙaramin manomi a Nellore ta Indiya ko a yankin Mekong na Biyetnam, wanda sau da yawa bashi dillali ke ba shi abincin sai an kama a biya, abin da yake gani a rubuce shi ne furotin kashi kaza, mai kashi kaza. Wannan adadi kuwa naitirojin ake aunawa a ninka da 6.25. Garin gashin kaji da ba a sarrafa da kyau ba zai ba da adadi mai tsoka, haka ma takin yuriya in an yi algus da shi. A 2007 an kama sinadarin melamin a kayan haɗin abincin dabbobi da na kifi da aka shigar Amurka da Kanada daga Sin, kuma don a ruɗi wannan awo aka zuba shi. Buhu biyu masu kashi 36 na iya bambanta ƙwarai a abin da ke narkewa a cikin dabbar. Manomin da ya saba shinshina abinci ya ce mai ƙarnin kifi shi ne mai kyau, shi ma ana iya yaudararsa da ɗan ruwan kifi da aka fesa a bayan ƙwaya. Kamfanonin sun san yawan metiyonin da layisin da ke narkewa a haɗinsu, sun san kolestarol da DHA nawa suka sa, sun san tsawon lokacin da ƙwayar ke jure ruwa da tashar da garin kifinsu ya fito, domin da waɗannan alƙaluma kwamfutarsu ke fitar da haɗin kowace rana. Hukumomin da ke ba su lasisi a Indiya da Biyetnam da Ekwado na da ikon tilasta musu buga su a jikin buhu, da harshen da manomin ke karantawa.